Kafinta na Uku

Mutum biyar ne a majalisar ƙauyen: Shugaba, wanda kunnensa ɗaya ya yi nauyi, Ma'aji, mai ɗaure takardu da roba, Mai Shago, Ungozoma, mace ɗaya tilo a cikinsu, sai Magatakarda, mahaifin Auta. Suna zama Asabar ɗin farko ta kowane wata a wani ɗaki bayan ɗakin shan magani. Suna da teburi, suna da hatimi, har da ɗan abin da ba a rasa ba a asusu. Abin da ba su da shi kafinta na uku ne.

Dokarsu ta ce duk babban aiki sai masu sana'a uku sun kawo farashi a rubuce kafin a taɓa asusu. Ƙaramar sayayya kuwa, ɗaga hannu ya isa. To kafintoci biyu ne kaf a ƙauyen, Dogo da ƙanensa. Shi ya sa gadar katakon da yara ke bi su haye rafi zuwa makaranta ta yi wata bakwai tana jira a ƙasan takarda.

Su ma yaran suna da tasu dokar: ɗaya bayan ɗaya, kuma mafi rashin nauyi ne a gaba. Auta ke nan, 'yar shekara tara, siririya kamar tsinke. Ta san gadar kamar tafin hannunta, ta san katakon da ke kuka da wanda ke rawa.

Ranar Alhamis ƙafarta ta burma a katako na sha ɗaya har gwiwa. Ta ga ruwa yana wucewa a ƙasa, ja wur, ɗauke da takalminta. Ta zare ƙafar a hankali, ta ɓalle guntun katakon ta sa a jaka. Da mahaifinta ya gani da yamma, ya danna babban yatsa a ciki, yatsan ya nutse.

"Jibi ki zo da shi majalisa," ya ce. "Su gani da idonsu."

Ranar Asabar ta zauna a benci kusa da ƙofa, katakon a cinyarta. Aka fara da kwaɗon ƙofa, aka amince. Aka yi gardama mai tsawo kan fentin ofis, shuɗi ko kore, kore ya ci. Aka sayi ƙwan fitila biyu. Ta taga Auta tana kallon hadari yana haɗuwa a gabas.

"Batu na ƙarshe," in ji mahaifinta. "Gada."

"Gyaɗa?" in ji Shugaba, yana karkato kunne.

"Gada, ranka ya daɗe!"

Auta ta tashi ta ajiye guntun a kan teburi. Wasu ƙananan ƙwari farare suka fito suka bazu a kan takardu.

"Amaryata, itacen girki kika kawo mana?" in ji Shugaba. Babu wanda ya yi dariya, shi ma sai ya fasa.

"A nan ƙafarta ta shige," in ji Ungozoma. "Ni na yanke cibiyar yaran nan duka, ba zan tsaya ina kallo a tsamo min su a ruwa ba. Malam Ma'aji, kuɗin gyaran akwai ko babu?"

"Akwai, Inna."

"To me ake jira?"

Ma'aji ya zare roba, ya ɗaga takarda biyu. "Ga ta Dogo, ga ta ƙanensa. Ina ta uku?"

"Ba an aika wa kafintan ƙetare ba?" in ji Ungozoma.

"Ya zo," in ji Magatakarda a hankali. "Ya ce ba ya sa farashi sai ya taka aiki da ƙafarsa. Ya tsaya a wancan bakin, ya dubi ginshiƙin tsakiya, ya hau kekensa ya koma."

Can nesa aka yi cida.

"To Dogo ya rubuta wata da hannun hagu mana," in ji Ungozoma. "Wa zai sani?"

"Haka waɗanda suka gabace mu suka yi a kan rijiya, kin kuwa san yadda aka kore su," in ji Ma'aji. "Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Ba da hannuna ba."

Mai Shago ya yi gyaran murya. "Da babu gara ba daɗi. A kafa allon gargaɗi. Ƙaramar sayayya ce, kuma akwai ragowar fenti a wurina."

Hannu uku suka tashi. Ungozoma ta naɗe nata a ƙirji. Auta ta dubi mahaifinta. Bai dube ta ba. Ya ɗaga hannunsa rabi, sannan ya duƙa ya rubuta. Da zai rufe littafi sai ya share ƙwarin da gefen hannu.

Kwana biyu aka yi ana ruwa. Ranar Litinin da safe mahaifinta ya fito da keke.

"Hau," ya ce. "Daga yau ta titin mota za mu riƙa zagayawa."

"Baba, ai da nisa."

"Na ce hau."

Hanyar ta bi ta kusa da rafi. Allon yana nan, sabo fil, da jan rubutu: HATTARA, GADA TA LALACE. DA UMARNIN MAJALISA. Ruwa ya kusa lasar katako. Yaran sun yi layi kamar kullum, suna waige ko za ta zo. Da suka ga ta wuce a bayan keke, sai suka turo ɗan maƙwabciyar su Auta gaba, wanda bana ya shiga aji ɗaya, bai ko gama sanin baƙaƙe ba. Ya bi ta ƙarƙashin allon, ya ɗora ƙafa a katako na farko.

"Baba, tsaya!"

Ta ji bayansa ya sandare a ƙarƙashin hannunta, amma ƙafafunsa ba su daina tuƙi ba.

A nan Auta ta gane cewa ba don a hana kowa faɗawa aka kafa allon ba. An kafa shi ne domin ranar da wani ya faɗa, a ce ai an gaya masa.