Ɗan Jan Maɓalli a Bayan Akwati

Wata shida Valdirene tana tara kayan kwamfuta na hannu daga birnin São Paulo, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta gama haɗa su a ɗakinta da ke birnin Recife, ta ɗauki filogi za ta jona, sai yayanta Genival, mai gyaran rediyo, ya cafke hannunta.

"Ke, gasa ta za ki yi? Ƙarfin wutar São Paulo ɗari da goma ne, namu ninki biyu!"

Ya tura wani jan maɓalli a bayan akwatin kwamfutar da tsinin wuƙa, ya mai da shi kan ɗari biyu da ashirin.

"To, jona."

Fanka ta juya, allo ya kawo haske. Valdirene ta zube kan kujera.

"Yaya, zauna. Yau zan dafa kaza, cinyar taka ce."