Inda Aka Kwantar da Sulle

Shekara bakwai Shitu ya yi yana ja wa Turawan safiyo sarƙar awo a bakin tekun Ikko. Shi da ƙaninsa Sulle suka bar Rogo, shi kaɗai ya dawo. Zazzaɓi ya ɗauke Sulle tun a shekara ta biyu.

Goggo, ƙanwar mahaifinsu da ta raine su, ko kallon tsarabarsa ba ta yi ba. Da 'yan barka da zuwa suka watse, sai ta miƙa masa kara.

"Aka ce ka iya zana ƙasa. Nuna mini inda kuka kwantar da yarona."

Abin da yake gudu kenan tun a jirgi. Ya durƙusa a tsakar gida, ya ja layi mai lanƙwasa.

"Nan ne bakin ruwa, Goggo. Ga itatuwan kwakwa. Ga gabas. Nan muka sa shi, mu tara muka yi masa salla."

Ya dangwala ɗigo. Da ya tsaya nan, da shi ke nan. Amma Shitu, Allah ya shirye shi, aikin awo ya ɓata shi, hannunsa bai iya barin taswira da ƙarya ba. Kafin ya ankara ya ja layi na biyu, ta bayan ɗigon.

"Wannan fa?"

Ya shiga jujjuya karan a hannunsa.

"Shitu, da kai nake."

"Na farkon, inda ruwa yake shekarar da muka je. Wannan kuwa inda muka auna shi bara."

Goggo ba ta taɓa ganin teku ba, amma ta ga yadda rafi ke cin gaɓa da damina har ya haɗiye gonar mutum. Ta daɗe tana kallon ɗigon nan a tsakanin layuka biyu. Tausayinta ya kama Shitu har ya kasa ɗaga kai.

"Ka je wurin?"

"Na je. Na shiga ruwan har gwiwa, na yi masa addu'a."

"To, madalla. Allah ya ji ƙansa."

Kaji suka taho suna tono. Goggo ta kore su da gefen zane, ta ɗauko babban masakinta ta kife a kan taswirar, ta ɗora dutse. Sannan ta ɗaga murya ta kira matar gidan.

"Maijidda! In kin zo shara, ki kewaye nan."