Hular da Ta Sha Ƙasa

Tun ranar da Auta ya faɗi a filin gwajin tseren babur, Umma ba ta sake zama a kujera ta cika ta ba. Ta ɗora tukunya ta manta da ita. Ta ɗauki tsintsiya, ta tsinci kanta a bakin taga riƙe da waya. Yaron ya tashi ko ƙwarzane babu, hular kwanonsa ce ta tsage ta gefen hagu. Yau da yamma kuma zai shiga tseren da ya shekara yana jira.

Dā ba ruwanta da tsere. Da ɗanta ya shiga, sai ta fi shi bin labarin: wa ya zo na ɗaya, wa ya kife a kwana, wace hula aka daina yarda da ita. A bidiyon da take kallo a waya ta ji masana suna cewa hular da ta bugu sau ɗaya ta gama aiki, ko da bayanta na sheƙi. 'Yan tsere kuwa cewa suke hular da ta sha ƙasa ta san hanya, ba a rabuwa da ita. Umma ba ta gaskata kowa ba. Masana suna da hular sayarwa, yara suna da ƙuruciya.

Ta yafa mayafi ta nufi garejin mijinta, mai fentin mota. Ta tarar da hular a kan benci, ja wur, sai ƙamshin sabon fenti. Ya cike tsagar da filar da yake cike lotsewar mota, ya goge, ya fesa. Auta na gefe yana ɗaure takalmi.

"Nuna min inda ta tsage in kin isa," in ji maigidan, yana goge hannu.

"Ni ba ƙofar mota na haifa ba, Malam. Cikin fa?"

"Umma, don Allah," in ji Auta. "Kin fara kallon bidiyon nan ko? Ita ce fa ta cece ni."

"Ashana ma tana kunna wuta. Ka taɓa ganin ta kunna sau biyu?"

Ta zagaya bencin, ta dawo, ta sake zagayawa. Ta cusa hannu cikin hular ta lalubo, yatsunta ba su gaya mata komai ba. Sai ta ciro zarto daga jikin bango.

"Ba ni da wata, Umma! Ba hula, ba tsere."

"Na sani."

Ta ja zarton sau biyu, ya zame, ya karce fentin kawai. Maigidan ya runtse ido kamar shi aka karta.

"Kawo nan, kada ki yanke yatsa ki ce ni ne. Tunda aikina ake tuhuma, ni zan buɗe. In lafiya lau take, ke za ki kalli idon yaron nan."

Ta yarda. Ita ma ba ta san abin da za a gani ba.

Hular ta rabe biyu. Farin soson da ke ciki, ta dama kauri ne da shi kamar tafin hannu. Ta hagu, daidai saman kunne, ya matse ya zama siriri, tsaga ta ratsa shi. Maigidan ya danna da babban yatsa, wurin ya marmashe. Ya daɗe yana kallon farin garin da ya maƙale masa a farce.

"Fenti dai ya yi kyau," ya ce a hankali.

Ba wanda ya yi dariya. Daga nesa aka fara jin kukan babura suna ɗumama inji. Auta ya cire safar hannu ya jefar, ya zauna a kan tsohuwar taya ya juya musu baya.

Umma ta so ta zauna ita ma, ƙafafunta suka ƙi. Ta lalubo igiyar awo a cikin tarkacen bencin, ta je ta tsaya a bayansa.

"Sunkuyo."

"Ba na magana da ke."

"Ban ce ka yi ba. Kan nake so."

Bai juyo ba, amma bai kauce ba. Ta zagaya igiyar ta saman girarsa, ta bi ta saman kunnen hagu, hannunta ya ɗan tsaya a wurin.

"Malam, zo ka karanta min, mu san girman sabuwar da za a saya. Ban zo da tabarau ba."