Malam Yana Duba Riga a Baibai

Duk wanda ya koyi aikin babbar riga a zauren Malam Abdulbaƙi da ke unguwar Kusfa ya san halin tsohon. In ka kawo masa aiki ba ya ko kallon gaban rigar, juya ta yake baibai ya ƙura wa bayan ɗinkin ido. Yakan ce gaba kowa na iya gyara shi saboda mai saye, amma baya ne ke nuna yadda hannun mutum yake a lokacin da yake ɗinkin.

Ta haka asirin Zaharaddeen ya tonu shekara biyu da suka wuce. Gaban rigar da ya kawo sai wanda ya gani, amma bayanta zare ya ɗaure tamau, yadi ya tattare, ƙulli a kan ƙulli. Malam ya ɗaga kai ya ce, “Zaharaddeen, me kake sha?” Ƙwaya yake sha, tiramol, wai don ya yini yana ɗinki bai gaji ba. Ranar ya tattara allurorinsa ya bar zauren.

Ya sha wuya kafin ya rabu da ita, har da kwanciya asibiti. Yanzu watansa tara bai taɓa ba. Mahaifiyarsa, Inna Kande, ta yi ta sintiri gidan Malam tana ba da haƙuri, har tsohon ya gaji ya ce to, a gwada shi da riga ɗaya. Rigar wani ango ce daga Tukur-Tukur, mai adon nan da ake kira aska biyu, za a karɓa ranar Juma'a bayan masallaci. In ta yi, ya dawo zaure. In ba ta yi ba, kada a sake zuwa masa da maganar.

Ranar Laraba ta riske shi da sauran tambarin baya, zagayen nan da ke cin kwana huɗu ko a hannun gwani. Yana zaune a ƙofar gida, wuya ya sage, yatsu na zogi, sai ga Jalo, abokinsa mai ɗinkin hula, wanda tare suka fara shan abin.

Jalo ya leƙa rigar ya girgiza kai. “Abokina, wannan ko aljanu ka tara ba za su gama maka jibi ba.” Ya zaro wata 'yar takarda a naɗe ya tura masa cikin gwangwanin allura. “Biyu ne kawai. Ka gama aikinka, ka koma zaure, sai ka ci gaba da tubanka. Wa zai sani?”

“Na daina, Jalo.”

“Ai ni ma kullum dainawa nake yi,” in ji Jalo, ya yi dariya ya wuce.

Gaskiyar magana, Zaharaddeen bai jefar ba. Ya bar takardar a gwangwanin, duk sanda ya miƙa hannu ɗaukar allura sai yatsansa ya taɓa ta. Tsoro ya kama shi sosai, domin ya ji yana son abin kamar bai taɓa bari ba. Ya tuna Inna da takalmanta da suka sha lungun Kusfa saboda shi, ya ce a ransa ai ko don ita ya kamata a gama rigar nan. Har ya warware takardar.

Sai hannunsa ya yi abin da ya saba gani tun yana ƙarami, ya juya rigar baibai. Sati shida na aiki a kwance lumui, zare na bin zare, babu inda yadi ya tattare. Ya daɗe yana kallo. Bai san hannunsa ya dawo haka ba. Ya tashi ya zuba ƙwayoyin a kwata, ya kora da ruwan buta.

Da hantsin Alhamis ya naɗe rigar ya nufi Kusfa, ƙafa na ja da baya. Ya durƙusa ya gaida Malam.

“Malam, ba zan gama gobe ba. Na ce gara in zo da wuri, ko a ba wani ya ƙarasa, kada a kunyata ango.”

Masu ɗinki a zauren kowa ya sunkuya kamar aikinsa ne ya dame shi, alhali kunnuwa duk suna nan. Malam ya karɓi rigar ya juya ta. Ya bi bayan ɗinkin da ɗan yatsa tun daga wuya har aljihu, a hankali, ya kai inda tambarin ya tsaya rabi. Nan ya fi daɗewa.

“Jiya ka yi nan?”

“Jiya da yamma, Malam.”

“Da gajiya a hannun.”

“Akwai, Malam.”

“Gajiya kawai,” in ji tsohon.

Ya gyara zama ya shimfiɗa rigar a kan gwiwoyinsa, ya tura wa Zaharaddeen ɗaya gefen. Shekara biyar rabon da a ga Malam Abdulbaƙi ya riƙe allura, tun da idonsa ya yi rauni.

“Kai ka ɗauko daga dama, ni daga hagu, mu haɗu a tsakiya,” ya ce. Ya miƙo allurarsa. “Sa mini zare, ba na ganin kafar. Kuma ka matsa bakin ƙofa inda haske yake, ai ka san wurin zamanka.”

Sau uku Zaharaddeen yana kuskure kafar allurar, domin hawaye ya cika masa ido.