Ranar da Mista Bilyk Ya Zama Tafinta

Mu uku ne kacal a ƙungiyar, amma muna da shugaba da mataimaki da sakatariya. Bronwyn Friesen ce shugaba, don ta fi mu baki, kuma gidansu ne ke da injin buga takarda. Tesfalem, ɗan Eritiriya da ya zo garinmu da ke lardin Manitoba a Kanada shekara huɗu da suka wuce, shi ne mataimaki. Ni kuwa, Jhoanna Pangilinan, aka ɗora mini rubutu. Dukanmu muna ajin ƙarshe a sakandare.

Mista Orest Bilyk ne ya haɗa mu. Dattijo ne mai shekara saba'in, ya yi ritaya daga sayar da kayan gyaran tarakta, ba shi da aikin da ya wuce leƙe ta taga. Tun da masana'antar nama ta ɗebo iyayenmu daga Filifin da wasu ƙasashe garin ya cika, shi kuma ransa ya ɓaci. Ana tsakiyar sanyi ya kai wa majalisar gari takardar koke, wai a hana yin kowane yare in ba Turanci ba a ɗakin karatu da filin wasan ƙanƙara da zauren gari. Mutum sittin da biyu suka sa masa hannu.

Da farko dariya muka yi. Sai ranar da wata mata ta ce wa Nanay, mahaifiyata, a layin kanti, "Nan Kanada ce, ki yi magana irin ta mutane." Nanay ta dawo ta ajiye kaya ta shige ɗaki, ko uffan ba ta ce ba, matar da ko cikin barci surutu take yi. Daga ranar na daina dariya.

"Yajin cin abinci za mu yi," in ji Bronwyn a taronmu na farko, bakinta cike da biskit.

"Ke dai ki yi," in ji Tesfalem. "Ni na taɓa yin na dole, ba daɗi."

Daga ƙarshe muka tsaya a kan mu ma mu tara namu sa hannun, gida gida, kafin zaman majalisa na ranar Laraba.

Ranar Asabar muka fita cikin sanyin da ke daskarar da majina a hanci. Dabararmu ta yi aiki, ko da yake ba yadda muka tsara ba. Da an buɗe ƙofa Bronwyn za ta fara jawabi tun daga tarihin zuwan jirgin ƙasa, sanyi na kwarara cikin gidan mutane, sai mai gida ya fizge biro ya ce, "Kawo, kawo, ina zan sa?" Kafin rana ta raba mun samu tamanin.

A haka muka iso gidan Mista Bilyk.

"Ba gidan da za mu tsallake," in ji Bronwyn. "Ƙa'ida ƙa'ida ce." Tana faɗa ta durƙusa tana ɗaure igiyar takalmin da bai kwance ba. Tesfalem kuma ya ce rubutu aikin sakatariya ne, ƙwanƙwasa ƙofa ma ɗan'uwan rubutu ne. Na ƙwanƙwasa.

Wata tsohuwa ce ta buɗe, gajeriya, da ɗankwali mai furanni da sanda a hannu. Baba Paraska ke nan, uwar Mista Bilyk, mai shekara casa'in da huɗu; a yarensu na Yukuren kaka ake ce wa Baba. Mun san tana nan, amma ba wanda ya gan ta tun da ƙanƙara ta fara zuba.

"Orest ya fita," ta ce da Turancinta mai karyayyar ƙafa. "Ku shigo, kuna sa mini sanyi. Kai, dogo, ba a ba ka abinci a gidanku ne?"

Kafin mu yi bayani ta zaunar da mu a kicin, ta cika mana kwanuka da jar miya mai zafi. Sai da ta ga mun sha rabi sannan ta karɓi takardar, ta ɗora mata madubin ƙara girman rubutu tana bi a hankali, leɓenta na motsi.

"Wane sakaran ne ya ce a hana?"

Tesfalem ya ɗaga kai yana nazarin silin. Ni na tsoma ido cikin miya.

"Ɗanki ne, Baba," in ji Bronwyn.

"Orest? Orest nawa?" Ta ajiye madubin. "Ce mini ya yi yana yawon tara sa hannu don a gyara titi."

Ta rattaba sunanta da manyan baƙaƙe har ya cinye layi uku. Sannan ta nuna Bronwyn da sanda. "Ke mai surutu, kina da mota? Laraba ki zo ki ɗauke ni. Kada ki faɗa masa."

Ranar Laraba da ƙarfe huɗu, bayan mun ga fitar motarsa, muka zo da a-kori-kura ta baban Bronwyn. Motar ta yi wa Baba tsawo. Tesfalem ya ɗaga ta cak ya ɗora a kujera, tana dukan kafaɗarsa tana cewa rabon da namiji ya ɗauke ta tun ranar aurenta.

Zauren ya cika. Iyayenmu sun taso daga aiki sun jeru a baya, Nanay na cikinsu. Muka zaunar da Baba a bayan wani ƙaton manomi, inda ba a ganinta. Misis Penner, shugabar majalisa, ta ce kowa minti uku zai yi.

Mista Bilyk ya fara. Ya ce shi ba ya ƙin kowa, amma in ya shiga ɗakin karatu ji yake kamar yana tashar jirgin wata ƙasa, kuma bai san ko zaginsa ake yi ba. Wasu suka tafa. Bronwyn ta miƙe da shafi bakwai. Minti ukunta ya ƙare tana tsakiyar shafin farko, Misis Penner ta kaɗa ƙararrawa, Bronwyn ta zauna kamar za ta yi kuka. Na miƙa takardarmu, mutum ɗari da tara.

"Akwai mai sauran magana?" in ji Misis Penner.

Sai ga sanda ta ɗago daga bayan manomin.

Da Mista Bilyk ya ga mai tahowa, bakinsa ya buɗe ya kasa rufewa. "Mama! Wa ya kawo ki?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Tesfalem ya sauke mata lasifika daidai tsawonta, ta gyara ɗankwali, ta fara magana da yaren Yukuren, ba kalmar Turanci ko ɗaya.

"Baba, ki yi haƙuri," in ji Misis Penner, "ba ma ji."

"Ina da tafinta," ta ce, ta nuna ɗanta.

"Mama, don Allah..."

"Zo nan!"

Ya zo, kunnuwansa jajir. Ta yi magana mai tsawo tana buga sanda a ƙasa. Ya yi gyaran murya.

"Ta ce tana gaishe da majalisa."

"Ƙarya kake, Orest!" Wani tsoho ne daga gefen taga, Mista Sawchuk, wanda shi ne na biyu a masu sa wa Mista Bilyk hannu. "Cewa ta yi da ta san haka za ka zama, da akuya ta yi kiwo, aƙalla ta sha nono."

Zauren ya ɗauki dariya. Misis Penner ta rufe baki da takarda, kafaɗunta na girgiza. Daga nan ba damar maguɗi, Baba ta faɗa, Mista Bilyk ya fassara, Mista Sawchuk na gyara masa in ya kauce.

"Ta ce lokacin da suka zo garin nan, mai kanti ba ya karɓar kuɗi daga hannunta, sai dai ta ajiye a kan tebur, wai suna warin tafarnuwa." Ya tsaya. Ta zungure shi da sanda. "Ta ce ranar da ɗanta ya shiga makaranta bai iya neman izinin fitsari da Turanci ba. Ya faɗa da yarensu, malama ta tsula masa rula a hannu, ya..."

"Ƙarasa mana," in ji Mista Sawchuk. "Ina cikin ajin ranar."

"Ya jiƙa wando," in ji Mista Bilyk, a hankali.

Wannan karon dariyar ba ta yi nisa ba. Baba ta juya ta dube shi, ta faɗi wata gajeriyar magana, muryarta ta sauka. Bai fassara ba, Mista Sawchuk ma haka. Mista Bilyk ya amsa mata da yarensu, kalma biyu ko uku, ya cire gilashinsa yana gogewa da gefen riga.

"Mista Bilyk," in ji Misis Penner, "in da an riga an amince da kokenka, da yanzu dole in fitar da kai daga zauren nan."

Majalisa ta yi watsi da koken, 'yan majalisa huɗu suka ƙi shi, ɗaya bai jefa ƙuri'a ba. A waje Bronwyn ta ce jawabinta ne ya share fage. Tesfalem ya ce ƙwarai, musamman shafi shidan da ba a ji ba.

Ba zan ce garin ya gyaru ba. Cikin mutum sittin da biyun nan akwai waɗanda har yau in sun hango mu suke tsallaka titi, Mista Bilyk kuma bai taɓa cewa mu yi haƙuri ba. Amma a daren farko ya ƙi cin abinci, Baba ta ce mana, washegari kuma ya tambaye ta sunayenmu.

Ita kuwa Baba ta mai da mu 'yan aikinta. Ta ce tun da mun san hanya, kowace Asabar mu zo mu taya ta naɗa wani irin ɗan fanke nasu mai dankali a ciki da ake dafawa a ruwa, don yatsunta sun gaji. Asabar ta uku muna kicin, garin fulawa ya yi mana fari fat, sai ga Mista Bilyk ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Ya daɗe a tsaye. Can ya matso bayan Tesfalem.

"Kai, yaro, haka ake matse bakin fanke? Wannan da ya shiga ruwa zai fashe."

"To nuna mini, Mista."

Ya ja kujera, ya naɗe hannun riga, ya matse ɗaya a hankali, ya ɗaga mana mu gani. Baba ta karɓa ta jujjuya shi a gaban idonta.

"Na yaron ya fi," ta ce.