Gidajen da Ke Ƙasa da Sifili

A unguwa cewa ake Malam Cindo magini bai taɓa tayar da katanga ta karkace ba, bai kuma taɓa cewa ya yi kuskure ba. Yana da shekara hamsin da uku ya shiga sakandaren manya. 'Yarsa ta fari, Kubura, ita ke duba masa lissafi, har ranar da ta ce, "Baba, ba ka gwada lambobin da ke ƙasa da sifili ba." Ya kore ta daga zaure. Kwana tara ke nan ba su yi magana ba, ga shi gobe za ta tafi karatu Zariya.

Bayan azahar zazzaɓi ya kwantar da shi, littafi a ƙirji, buɗe kan tambayar nan: 2x³ + x² − 7x − 6. Lamba uku ake nema masu mayar da ita sifili. Guda ɗaya kawai ya samu.

Sai ga shi a wani dogon titi, ba mutum ba akuya. Gidajen dama suna hawa sama, na hagu suna nutsewa cikin ƙasa. Wata tsohuwa na zaune a ƙarshen titin.

"Ni ce Shida, ta ƙarshe a tambayarka," in ji ta. "Waɗanda kake nema 'ya'yana ne: Ɗaya, Biyu, Uku, ko ni kaina. Wasu daga cikinmu, Biyun da ke farkon tambayar ya raba su rabi. Buga ƙofa. Inda ka tarar ba saura, nan ne."

Ya buga gidan Uku, tattabaru talatin da shida suka tashi a fuskarsa. Gidan Biyu kuwa a share yake fes, ko tsinke babu.

"Na samu, Iya."

"Saura biyu."

"Ai gidajen dama sun ƙare," in ji shi.

Cokalin gininsa ya yi tari a aljihu. "Maigida, shekara talatin muna tare. Wane gini muka fara daga sama?"

Ya juya hagu. Matakala ta yi ƙasa, sanyi na tasowa kamar daga rijiya. Taki ɗaya ƙasa da sifili, ya tarar da ɗaki wayam. Ƙofa ta gaba, a ɗaya da rabi, gajeriya ce ƙwarai, sai ya durƙusa zai iya shiga. Ya daɗe a tsaye. Daga ciki yana jin ana ninke kaya ana sawa a akwati.

"Ni zan durƙusa?"

Tsohuwar ta tafi, cokalin ya koma ƙarfe. Ya sa gwiwa a ƙasa.

Ya farka firgigit, jiƙe da gumi. Zauren shiru, ga kwanon kunu an ajiye masa, ya huce. Bayan labule akwai inuwar ƙafafu, ko ta mai shigowa ce ko mai fita, bai sani ba.

Ya gyara murya har sau biyu.

"Ke... kina nan? Gaskiyarki ce. Ni na yi kuskure. Ki yi haƙuri."