Kan Kifin Baba Maikano

"Raki, janye hannunki daga attaruhun nan."

Ta juyo ta dube shi. Mutumin da ko kofin shayi ba ya iya ɗauka sai da hannu biyu, yana zaune a kujerar kicin da bargo har wuya, ido rabi a rufe, amma ya hango ta tana laluben leda ta bayan tukunya.

"Baba, ɗaya tak. Don Allah wane irin abinci ne babu yaji babu magi? Ai sai ka ce na marar lafiya."

"To ai ni ne marar lafiyar. Ajiye."

Ta ajiye, tana guna-guni. Tun safe take tsaye a kicin ɗin nan tana aikin da ba ta ga kansa ba. Ta dafa shinkafa ta bar ta fara sol. Ta dafa ƙwai ta daddatsa. Ta soya albasa a bota da laimar kwaɗi, abin da a Zariya ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci, a nan kuwa an sa masa suna mushroom ana sayarwa a roba. Ga kifin salmon da aka ɗan turara da lemon tsami, ga wani ganye mai siririn gashi wai shi dill. Duk wannan tarkace, in ji Baba, za a cusa shi a cikin kwaɓin fulawa a gasa, sunansa kulebiyaka. Raki ta gwada faɗin sunan har ta gaji, ta koma kiransa burodin shinkafa.

Bango ɗaya ne tsakanin gidansu da na Baba Maikano a Moss Side, bangon da in ya yi tari sai ta ce masa sannu daga ɗakinta. Ita dai ta biyo mijinta Nuru ne, wanda ke bincike a jami'a. Shi kuwa Baba tun yana saurayi gwamnati ta tura shi Rasha karatun injiniya, ya dawo gida da digiri da mata Baturiya mai suna Tamara, aikin da aka yi masa alkawari bai samu ba, ƙarshe ya ƙare a Manchester yana tuƙa bas har ya yi ritaya. Tamara ta rasu da daɗewa. Ɗa ɗaya suka haifa, uwar ta ce Samuel, uban ya ce Sama'ila, kuma na uwar ne ya bi shi. Yana Birmingham, yana da gidan abinci a Sparkhill, kan Stratford Road. Mutumin da ke ciyar da rabin gari, amma ubansa maƙwabciya ke dama wa koko.

A satin nan ne nas mai zuwa duba Baba ta ja Raki gefe ta ce ciwon hantar ya ci ƙarfinsa, a kira wanda za a kira. Baba ya ji, don kunnensa bai tsufa ba. Bai ce a kira likita ko liman ba. Cewa ya yi a kira Sama'ila a ce masa ranar Asabar akwai kulebiyaka, ya zo su ci tare. Samuel ya ce, "Definitely, Dad." Raki da ke riƙe da wayar ta taɓe baki. Ta san definitely ɗin nan, ta ji ta a ƙaramar Sallah, ta ji ta a babba.

"Murza shi ya yi faɗi, amma kada ya yi siriri," in ji Baba. Ta murza kwaɓin da sandar murza fulawa ta Tamara, wadda hannu ya cinye mata fenti. "Yanzu shimfiɗa wainar."

Siraran wainar fulawa ya sa ta soya tun farko, shara-shara kamar mayafi. Ta shimfiɗa ɗaya, ta zuba shinkafa, ta rufe da wata, ta jera kifin, ta sake rufewa, sannan albasa da laimar kwaɗi, sannan ƙwai.

"Wai duk wannan katangar ta mece ce, Baba? Ba ciki ɗaya za su ba?"

"Don kada ruwan kifin ya jiƙa ƙasan. In ƙasan ya yi caɓal, kin yi aikin banza. In an yanka, so ake a ga kowa a layinsa." Ya tsaya ya ja numfashi. "Tamara ta ce wanda ya cakuɗa shi ba shi da tarbiyya."

"Allah ya ji ƙanta. Ita ma da ta ɗanɗani dambun kifi da ta huta."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya sa ta ninke kwaɓin ta matse bakin, ta ja gefe ɗaya ya zama wutsiya, ɗayan ya zama kai. Ta datsa masa ɓawo da bakin almakashi, ta huda rami a gadon baya don tururi ya fita, ta shafe shi da ƙwai. Sai ga kifi kwance a faranti, tsawon damtsen mutum. Ko ita, duk da rainin da take yi wa abin, sai da ta ɗan ja baya ta kalla.

"Saura ido. Miƙo masoro, wannan nawa ne."

Ta kawo masa farantin kan cinya. Ya ɗauki ƙwayar masoro, ta faɗi, ya sake ɗauka. Da ya danna ta sai babban yatsan ya zame, ya bar rami a kwaɓin, idon ya zauna a karkace.

"Bari in gyara," in ji Raki.

"Bar shi. Kan nan na Sama'ila ne. Tun yana ƙarami in ba a ba shi kai ba sai ya kwanta a ƙasa yana birgima. Idon yake fara cirewa ya tauna, ya yi kuka don yaji, in an sake yi ya sake." Ya lumshe ido. "Ba a yankawa sai ya zo."

Aka gasa. Ƙamshin bota ya cika gidan har ya tsallaka bango, Nuru ya leƙo yana tambayar ko an fara rabo. Kifin ya fito ja-wur, Raki ta ɗura narkakken bota ta ramin bayan kamar yadda aka umarce ta. Baba ya sa ta ɗauko masa farar rigarsa da hula, ta shimfiɗa zanen tebur, ta jera faranti biyu. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Duk motar da ta rage gudu a layin sai ya ɗaga kai.

Wajen ƙarfe biyar saƙon Samuel ya shigo. Raki ta karanta a zuciyarta tukuna, ta ji kamar ta maka wayar da bango. Wai wani biki ya kama gidan abincin gaba ɗaya, ma'aikata biyu ba su zo ba, so sorry, next weekend for sure. Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa, Baba ya yunƙura zai miƙe. Ɗan kai saƙo ne a kan keke, da ledar soyayyar kaza da dankali, wai an yi oda daga Birmingham. Soyayyar kaza, ga mutumin da ko ruwa sai da cokali!

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Aiki ya riƙe shi. Yana tafe."

"Ai sana'ar abinci haka take. Ba hutu." Ya dubi kifin. "Ki rufe ki sa a firij. Yana ɗumamuwa."

"Baba, ka ɗan ci ko wutsiyar ce."

"Na ce ba a yankawa."

Ba abin da ya fi ƙona mata rai irin yadda yake nema wa yaron uzuri. Ta fita bayan gida ta kira Samuel da kanta, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta bar masa saƙo da Hausa, ta sake da Turanci don kada ya ce bai gane ba: babu wani next weekend.

Washegari Lahadi bayan azahar Baba Maikano ya cika, a gadon da aka sauko masa da shi falo. Nuru na riƙe da hannunsa yana maimaita masa kalmar shahada, shi kuma yana bi da leɓe. Raki ta yi kuka sosai, kukan da rabonta da irinsa tun rasuwar mahaifinta.

Ranar Litinin ana jiran takardu daga GP, wato likitan unguwa, kafin a sa ranar jana'iza, gida ya cika. Mutanen da ba su san launin ƙofar Baba ba yana da rai, yau duk sun gane hanya. Hajiya Safara'u, shugabar ƙungiyar mata, ta kama kujerar mamaci ta zauna tana ba da labarin kirkinsa, ita da a gaban Raki ta taɓa kiransa ɗan kwaminis. Shi ma Samuel ya iso, wanda Asabar ta gagara, Litinin kuwa ko awa biyu bai yi a hanya ba. Dogo ne fari, da baƙin gilashi a ranar da babu rana, yaran shagonsa biyu na biye da shi da manyan tire na biriyani, kowanne da tambarin gidan abincinsa a murfi. Ko a gidan makoki sai an yi talla.

Raki ta bari ya gama karɓar gaisuwa. Ta ɗumama kifin, ta kawo shi tebur a gaban kowa.

"Wannan kuma fa?" in ji Hajiya Safara'u, tana yamutsa hanci. "Abincin Rasha? Kin tabbata babu alade? An ce har giya suke zubawa."

"Da hannuna na yi, Hajiya. Da kin leƙo ranar Asabar da kin gani."

Ta sa wuƙa. Ɓawon ya yi ƙaras, ƙasan a bushe, shinkafa a layinta, kifi a layinsa, ƙwai a nasa. Ta yanke kan, ta ɗora a ɗaya daga farantan nan biyu, ta miƙa wa Samuel.

"Naka ne. Ya ce ba a yankawa sai ka zo."

Ya cire gilashin. "Is that Mum's pie? Shi ya yi?"

"Ni na yi, yana zaune yana ba da oda. Idon shi ya sa."

Ya tsura wa kan ido, leɓensa ya ɗan motsa. Ya kai yatsa kusa da ramin da yatsan ubansa ya bari, har Raki ta ji zuciyarta ta fara saukowa, ta ce a ranta watakila dai akwai mutum a cikin rigar nan. Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ɗaga mata yatsa ɗaya alamar ta jira, ya yi magana a kan wani firij da ya lalace a shago. Da ya gama ya ɗaga farantin wajen taga, ya ɗauke shi hoto.

"Sister, kin rubuta recipe? This would fly on the menu. Dad's Russian Pie. A ɗan sa chilli, kin san mutanenmu."

Raki, wadda ta yini ranar Asabar tana roƙon a bar ta ta sa attaruhu ɗaya, ta ji kamar an mare ta.

"Ba a sa masa yaji," ta ce. "Ka ci tun da zafi."

"Ba na cin carbs da rana, su fulawa da shinkafa. Wrap it for me, zan ci a hanya, promise."

Ta naɗe masa a takardar foil. Sauran kifin Nuru ya ci, da wasu ɗalibai biyu, sai kuma Hajiya Safara'u da ta ce a ɗan gutsuro mata don albarkar mamaci, ta ƙare da neman ƙari. Raki ma ta ci yanki ɗaya a tsaye a kicin. Har yanzu dai tana ganin da gishirin ya fi haka da ya fi, amma ta cinye tas.

Kafin magariba Samuel ya ce dole ya koma, zai dawo ranar jana'iza, definitely. Ta taga ta hango shi a ƙofar gida, waya a kunne, yana ɗaga kai yana duba rufin da tagogin sama, yana faɗa wa wani cewa three bedrooms ne, sai dai kicin ɗin na bukatar gyara. Ya ajiye ƙunshin a kan guntuwar katangar ƙofar gida don ya laluba makulli a aljihu. Ya samu makullin, ya shiga mota, ya ja.

Raki ta jira ko zai yi kwana. Motar ta sha kwanar layin, bas ta wuce, aka fara yayyafi. Ta sa takalmi ta fita. Foil ɗin ya ɗan buɗe ta gefe, kan kifin na kwance a kan jan bulo, idon masoron a karkace yana kallon titi, ruwa na taruwa kaɗan-kaɗan a gurbin yatsan Baba.